Shekarar da Muka Shuka Rabin Gona

Ranar sunan jikan Yaya Sale na shiga cikin gida gaida mata, sai Safiya 'yar ƙanwata, wadda ta gama jami'a ba da jimawa ba, ta tare ni da wayarta. Ta nuna mini hoton gajimare da ɗigon ruwa a ƙarƙashinsa, ta ce, "Kawu, ga aikin da ka yi har ka tsufa a kansa, na gama shi da yatsa ɗaya." Ƙawayenta suka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariya, domin ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. Ni dai ba mai saurin amsa ba ne. Abin da ya kamata in ce mata shi ne na zauna na rubuta, don ita da sa'o'inta masu ganin hasashen yanayi aiki ne na kallon sama a yi magana.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a wankin ƙyalle ne. Na zo da digirina a zamanin da masu digiri daga ƙauyukanmu na wajen Bici ba su da yawa, ina zaton tebur za a ba ni. Sai aka haɗa ni da Malam Isiyaku, babban jami'in da ke horar da sababbi, ya ja ni fili. Akwai wani farin akwatin katako mai ƙafafu, jikinsa tsage-tsage don iska ta ratsa. A cikinsa ma'aunin zafi biyu ne, ɗaya tsirara, ɗaya an naɗe gindinsa da farin ƙyalle mai jela a cikin kwalbar ruwa. Bambancin da ke tsakaninsu shi ke gaya maka yawan danshin da ke cikin iska. In ƙyallen ya yi dauɗa ko ya bushe, ma'aunin zai yi maka ƙarya, kai kuma ka ɗauki ƙaryar ka aika wa ƙasa duka. Malam Isiyaku ya ce, "Habibu, wanda bai iya wanke wannan ba, kada ya taɓa mini taswira."

Daga nan aka kai ni ga ma'aunin ruwan sama, mazurari ne da kwalba a ƙarƙashinsa. Kowace safiya za ka juye abin da ya taru a gilashin awo, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da saman ruwan, sannan ka karanta. Akwai kuma wani babban faranti da ake cikawa da ruwa don a ga nawa rana ke ƙafarwa. A wata ƙaramar tasha mun taɓa samun rahoton da ya nuna ranar garin ta fi ta ko'ina shan ruwa. Da na je dubawa na tarar shingen ya faɗi, awaki ke zuwa sha da rana.

Amma abin da ya fi ba ni wuya, kuma ya fi yi mini rana daga baya, shi ne balan-balan. Da sassafe ake hura babbar balan-balan da iskar gas a sake ta, kai kuma ka kafa ido a madubin hange mai ƙafa uku, kana bin ta, kana kiran lambobi, wani na rubutawa. In ka ƙifta ido ba daidai ba ta ɓace maka, aikin ranar ya tafi. Amfaninta kuwa sai na ɗan yi bayani. Iska biyu ke raba ƙasar nan tsakaninsu. Akwai mai danshi da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, akwai busasshiya da ke zuwa daga hamada. Inda suka haɗu muna ja masa layi a taswira. Da bazara layin yana hawowa arewa, sai dai ba tafiyar kai tsaye yake yi ba, kamar akuya yake a bakin gona, ya shigo ya fita. Iskar mai danshi kuma ta ƙarƙashin busasshiyar take kutsowa, bakinta siriri, kaurinta na can baya. Muddin balan-balan na cikin iskar danshi, arewa maso gabas take nufa. Da ta fita daga cikinta sai ka ga ta juyo. In ta juyo da wuri, iskar danshin ba ta da kauri. Tana iya ba da ruwa ɗaya mai kyau, amma a iya sanina ba kasafai take riƙe damina ba.

Sai da na daɗe a fili sannan aka bar ni na shiga ɗakin taswira. Lambobi na shigowa ta wayar tangaraho daga tashoshi har na Nijar da Chadi da bakin teku, muna sauke su a kan taswira da alƙaluma biyu da aka ɗaure wuri ɗaya, ja da baƙi. In an gama, mai hasashe ya ɗauki fensir ya ja layuka, ya goge, ya sake ja. Daga nan a rubuta abin da za a kai gidan rediyo.

A rediyon ne na samu sunan da ya bi ni har yau. Ban taɓa iya cewa "za a yi ruwa" ba, sai dai "mai yiwuwa a samu ruwa". Direbobin tashar Ɗanbatta suka ɗauka. In na je neman mota sai ɗan kamasho ya ce, "Malam Mai-yiwuwa, shiga ka zauna, motar nan mai yiwuwa ta tashi yau." Ban taɓa jin haushi ba, domin abin da na gani ke nan a taswira, ba ni da ikon ƙarawa.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Matuƙan jirgi sun fi sauƙin sha'ani, lamba suke so, ka ba su su tafi. Malaman gona suna so ka gaya musu damina duka tun daga rani. Wani Alhaji mai sayen hatsi ya taɓa aiko mini da rago, yana so in raɗa masa ko damina za ta yi kyau kafin kowa ya ji, don ya san ko ya ɓoye buhunansa. Na mayar da ragon, na ce abin da na faɗa a rediyo shi ke nan, ba ni da wani a aljihu. Limamin ƙauyenmu, Malam Tukur, shi kuma ya taɓa zaunar da ni ya ce ya ji ana cewa ina faɗar gaibu. Na ce, "Allah gafarta Malam, alama nake dubawa, kamar yadda manomi ke ganin shamuwa ta iso ya fara gyaran sungumi." Sai ya ce, "To kai ma shamuwa ce ke nan, sai dai ta gwamnati." Daga ranar muka shirya.

Manomi kuwa tambayarsa ɗaya ce: in shuka ko in jira? Ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ta same ni a gidanmu a shekarar fari ta biyu.

Waɗanda ba su ga shekarun nan ba ba na jin za su gane daga baki. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero bai cika ido ba. Kafin bazara rumbuna sun zama wurin kwanan kaji. Ana cin kwaki, ana cin dusa, ana kai awaki kasuwa a dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. A gidaje da yawa yunwa ta kai ga iri, an daka shi an sha kunu. A gidanmu na Rijiyar Gawo mahaifinmu Malam Garba ya riga ya rasu, Yaya Sale ke riƙe da gandu, amma iri a hannun Inna yake, kamar yadda ta gada a wurin surukarta. Da kaka takan zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu biyu, ta liƙe bakinsu da laka, ta ajiye a ƙuryar ɗakinta. Ba mai fasa bakin tulu sai ita. A shekarar nan tulunan biyu su ne duk abin da ya rage tsakaninmu da roƙon iri, a lokacin da babu wanda za a roƙa.

Wata rana da la'asar hadari ya taso daga gabas, aka sheƙa ruwa daga Ɗanbatta har Bici, tun kafin lokacin da aka saba. Washegari da sassafe na saki balan-balan da hannuna. Ba ta yi nisa ba ta juyo. Na shiga ɗakin taswira, lambobin tashoshin arewa duk a bushe, layin kuma da alama baya yake shirin ja. A lokacin ni ne mai hasashen ranar, Malam Isiyaku ya kusa ajiye aiki. Ya tsaya a bayana ya ce, "Taswirarka ce. Me ka gani?"

Na ce, "Ina jin ruwan nan ba shi da na baya. Mai yiwuwa a jima ba a sake samun wani ba."

Ya ce, "Rubuta haka."

Na rubuta, amma sai da yamma za a karanta a rediyo. A ƙasarmu kuwa in ruwan shuka ya sauka ba a jiran yamma. Gonaki a manne suke da juna, kowa na ganin ta kowa. Da an idar da sallar asuba gari ke watsewa, mai sungumi a gaba yana sara, sauran na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Wanda rana ta take gonarsa ba shuka, sai an zo tambaya ko rashin lafiya ake a gidan. Na nemi izini, na hau babur ban ko karya ba.

Na isa da hantsi. An riga an fasa tulu ɗaya, rabin gona ya sha iri, Yaya Sale ya dawo gida ɗaukar na biyu. A tsakar gida muka yi kiciɓis, ƙafafunsa duk laka.

Ya ce, "A'a, Mai-yiwuwa! Da wandon bature za ka taya mu shuka?"

Na gaishe shi, na gaida Inna da ke ɗaki, sannan na ce, "Yaya, ina roƙon a dakata da tulu na biyu."

Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. Na shiga bayanin balan-balan da layi. Bai bari na kai ƙarshe ba, ya sunkuya ya damƙo ƙasa ya matse ta a hannu ya miƙo mini.

"Wannan fa? Na tona da kaina, danshi ya wuce kamu guda. Ko ita ma ƙasar ƙarya take?"

"Ruwan gaskiya ne, Yaya. Na bayansa nake tsoro."

"Bara wa ya samu ko dami ɗaya? Wanda ya shuka da wuri. Mu da muka tsaya gyare-gyare kara muka girbe. Yanzu ka ce in jira? In ruwa ya ci gaba fa, ya kuma ɗauke da wuri irin na bara?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na gaya masa gaskiya ce. In na yi kuskure, rabin gonarmu zai makara a daminar da ba ta da tsawo.

Ya matso kusa ya ce, "To magana ɗaya. Za ka rantse ba za a yi ruwa nan kusa ba?"

Na ce, "Ba zan rantse ba."

Ya tafa hannu. "Kun ji ko! Gwamnati ta kai shi makaranta ya koyo 'ban sani ba'. Inna, a miƙo mini tulun nan, mutane na jira a gona."

Inna ta fito, ta jawo kujerarta ta ajiye a daidai bakin ƙofar ɗaki, ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

Ta ce, "Sale, da ya rantse da yanzun nan na ba ka tulun, don na san ƙarya yake. Wa ke rantsuwa a kan ruwan Allah? Amma yaron nan ko sunansa ka tambaye shi sai ya yi tunani. Abin da ya taso shi daga birni a kan babur, ko ruwa bai nema ba, ba ƙaramin abu ba ne."

"Inna, me za a ce? Gonar Malam Garba rabi a shuke rabi a kwance, 'ya'yansa na raye?"

"Ka ce ni na hana. Rabi ya shiga ƙasa, rabi ya kwana a ɗaki. In Allah ya raya na ƙasa, mun gode. In bai raya ba, ba mu zama marasa iri ba."

Ba ɗan da zai tsallake ƙafar uwarsa ya shiga ɗakinta. Yaya Sale ya juya ya fita, ko kallona bai yi ba. Na zaga gonakin maƙwabta ina faɗa musu abin da na gani. Yawancinsu sun riga sun juye ƙwaryarsu. Wani ya ce in koma in gaya wa balan-balan ɗin ta zo ta yi noma. Malam Tukur kaɗai na ga ya ɗaure sauran irinsa a gefen rawani ya koma gida.

Tsiro ya fito kore shar, gwanin kyau, gona na haɗe da gona, sai rabin tamu jajir a tsakiya. Masu wucewa suka sa mata suna gonar Mai-yiwuwa. In na zo gida Yaya Sale ya amsa gaisuwa da ka kawai. Hadari ya riƙa haɗuwa da yamma yana watsewa da iska. Kullum safiya ina sakin balan-balan, kullum tana juyowa da wuri. Da aka fita roƙon ruwa na zo na shiga sahu na roƙa da gaske, ko da yake saukarsa a lokacin kunyata ce. Wannan ina so matasa su riƙe: mai hasashen da ya fi son maganarsa ta tabbata a kan mutane su ci abinci, ya nemi wata sana'a.

Ruwa bai zo ba. Tsiron ya naɗe kamar allura, ya yi fari, iska ta binne shi da rairayi. Ba wanda ya sake ce wa gonarmu komai.

Wata safiya na kafa ido a madubi, balan-balan ta nufi arewa maso gabas, ta yi ta tafiya, ina jira ta juyo, har ta ƙanƙance ta ɓace ba ta juyo ba. Washegari ma haka. A taswira layin ya haye can cikin Nijar ya zauna. Na rubuta wa rediyo "mai yiwuwa ƙwarai", wanda a bakina babbar magana ce. Na je tasha na ba wani direban Bici saƙo: "Ka ce wa Inna ta gidan Malam Garba, in ruwan da ke tafe ya sauka, a fasa."

Ya sauka, aka fasa. Sai dai tulu ɗaya ne ga gona duka, ga kuma maƙwabta da suka fara sallama da 'yan ƙoƙuna a hannu. Yaya Sale ya yi ta mita, amma shi da kansa ya durƙusa yana auna wa kowa da tafin hannu. A gona aka ce kowane rami a zuba da yatsa biyu maimakon uku. Ba na so in yi ƙari, ba wata albarka ta fitar hankali aka samu ba, shekarar ta kasance mai wuya har ƙarshe. Amma an yi girbi a Rijiyar Gawo, ya kai mu kusa da wata bazarar, Inna kuma ta sake liƙe tulu biyu.

Daga baya aka yi ta ciyar da ni gaba har na zama shugaban ofisoshin hasashe na yankinmu duka. Abin da na fara sawa a gaba shi ne saƙon farkon damina ya fita da safe, ya bi ta malaman gona da ranakun kasuwa, kuma ya gaya wa manomi abin yi da irinsa, ba sunan iska kawai ba. Na yi yawon tashoshi har Shanono ina duba shinge da mazurari, kowane sabon ma'aikaci kuma, ko da wane irin digiri ya zo, da wankin ƙyalle yake farawa. Ba kullum muke dacewa ba. Akwai shekarar da na ce a jira, ruwa ya ƙi tsayawa, masu shukar wuri suka yi mini dariya har kaka. Haka sana'ar take. Tauraron ɗan'adam da kwamfuta sun zo, na yi murna da su, sun ga abin da balan-balan ba ta gani. Amma hoton da ke wayar Safiya, a iya fahimtata, yana da tushe a wurin wani da ya durƙusa da safe ya karanta gilashin awo bai yi ha'inci ba.

Ashe a ranar sunan nan, Yaya Sale yana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, ya ji abin da Safiya ta ce. Ya tsufa, ido ya yi rauni, baki dai yana nan. Ya kira ta ya ce, "Ke, zo. Wayar taki, in ta ce a shuka, tsiro ya ƙone, a ina zan same ta in yi mata fushi?" Ta yi dariya ta ce ai ba a fushi da waya. Ya ce, "To ni wannan na yi fushi da shi, ya zo ya gaishe ni ina fushin. Furar da kika sha ɗazu kuwa, geronta jikan jikan na tulun Inna ne. Ki tambayi uwarki."

Inna ta daɗe da rasuwa, matar Yaya ce ke liƙe tulunan yanzu. Ni ma na ajiye aiki, ba ni da balan-balan sai abin da yaran ofis suka turo mini. Duk da haka, kowace shekara in ruwan farko ya sauka a Rijiyar Gawo, da an fito masallaci wayata za ta yi ƙara: "Mai-yiwuwa, an fasa ɗaya. Na biyun fa?" Har yau ban taɓa rantse masa ba, shi kuma har yau bai taɓa sa an fasa na biyun bai tambaye ni ba.